Ina son karatun Italiyanci a Italiya, amma Baba ya ce ba 'yarsa ba

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26. Na yi digiri a Faransanci, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna. Tun ina jami'a na fara koyon Italiyanci a waya don sha'awa kawai, har ta kai ina karanta gajerun labarai, ina kuma gane rediyonsu idan ba su yi sauri ba. Burina in je can in yi digiri na biyu a kan harshen da al'adunsu. Wani mutum da ƙawata ta haɗa ni da shi ya ce in ba shi naira miliyan biyu da fasfona, zai samo min tallafin karatu na gwamnatin Italiya har da biza. Mama ta ce za ta sayar da sarƙarta ta gwal. Baba kuwa da ya ji sunan Italiya sai ya haɗe rai, ya ce ba 'yarsa ba, kowa ya san abin da ke kai mata can. Yayyena dariya suke min, wai me zan yi da yaren da ba a yi da shi a Makka, ba a yi da shi a Abuja. Akwai kuma mai nemana da aure, ban faɗa masa ba tukuna. Anti, tallafin nan gaskiya ne? In biya mutumin, ko in haƙura?

Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ki ba mutumin nan ko sisi, kuma fasfonki kada ya bar hannunki. Ki ce wa Mama ta mayar da sarƙarta akwati. Tallafin da yake magana a kai gaskiya ne, akwai shi, amma ba a sayar da shi, ba a kuma nemansa ta hannun dillali. Ma'aikatar harkokin wajen Italiya ce ke bayar da shi duk shekara, ana kiransa tallafin MAECI, kuma ɗaliba da kanta take cike takardar nema a shafinsu na Study in Italy ba tare da ta biya komai ba. Ana tantancewa ne ta ofishin jakadancinsu. Wanda ya ce miki yana da tabbacin zai samo shi, ɗayan biyu ne: ko dai zai cike miki fom ɗin da ke ma za ki iya cikewa a wayarki ya cinye kuɗin, ko kuma ya haɗo miki takardun jabu waɗanda idan aka gano, sunanki ne zai ɓaci a wurin masu ba da biza, ba nasa ba. Neman fasfo ɗin nan ma ya fi kuɗin tayar min da hankali, zan kuma dawo kansa idan na zo maganar Baba.

To, ga yadda tallafin yake. Akan fitar da sanarwarsa ne wajen ƙarshen bazara, a rufe karɓar takardu kafin damina ta yi nisa, don karatun da zai fara a kaka. Ya shafi masu digiri na biyu, da masu digirin digirgir, da masu bincike a ƙarƙashin wani malamin jami'ar can, da makarantun kiɗa da zane, sai kuma kwas na harshen Italiyanci da al'adu. A shekarun baya an daɗe ana bayar da yuro 900 a wata, haɗe da inshorar lafiya, kuma jami'o'i da yawa kan yafe wa mai tallafin kuɗin makaranta. Ba ya biyan kuɗin jirgi. Ƙa'idar shekaru da aka daɗe ana bi ita ce kada mai neman digiri na biyu ko kwas ɗin harshe ya haura 28, mai digirin digirgir 30, mai bincike 40. Ki lura da wannan da kyau: ke 26 gare ki. Ba ki makara ba, amma ba ki da shekarar da za ki ɓata wajen jiran dillali. Duk shekara sanarwar kan zo da 'yan sauye-sauye, saboda haka ki karanta ta wannan shekarar kalma bayan kalma, da Italiyancinta ma, tunda kin iya.

Akwai tarkon da masu son harshe kan faɗa. Suna ganin an rubuta kwas ɗin harshe da al'adu sai su ce wannan ne nasu. Kwas ɗin nan wata uku ne kacal, an fi tanadarsa ga waɗanda ke karatun Italiyanci a wata jami'a ko cibiyar al'adun Italiya, kuma mai shi kan biya kuɗin rajista daga aljihunsa. Wata uku ba za su ba ki takardar da za ta sauya aikinki ba, ba kuma su kai darajar rigimar da za ki yi da gida ba. A ganina abin da ya dace da ke digiri na biyu ne, wanda suke kira laurea magistrale, na shekara biyu.

Shi kuma mabuɗinsa takardar shaidar iya harshe ce. Karanta labari a waya da sauraron rediyo sun yi miki amfani, amma ba wanda zai karɓe su a matsayin shaida. Karatun da ake yi da Italiyanci yana buƙatar matakin B2 a ma'aunin harsuna na Turai, wanda kin san shi daga Faransanci, daga A1 zuwa C2. Manyan takardun da aka amince da su su ne: CILS ta jami'ar baƙi da ke Siena, CELI ta jami'ar baƙi da ke Perugia, PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri wadda aka kafa tun 1889, da kuma wadda jami'ar Roma Tre ke bayarwa. Kowacce tana da jerin cibiyoyin da ake zana jarrabawarta a shafinta, da ranakun zama. Wasu jami'o'in kuma kan yi wa baƙin ɗalibai tasu jarrabawar ta intanet kafin su ɗauke su. Faransancinki zai ɗauke miki rabin wahala, don harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne, nahawunsu da kalmominsu sun yi kama ƙwarai. Inda mai koyon kansa kan faɗi shi ne magana da rubutu, domin waya ba ta gyara maka insha'i. Ki nemi malami na gaske, ko ta bidiyo ne, wanda zai riƙa ja miki kunne sau biyu a mako. Idan za a kashe kuɗi, nan ne wurin farko da ya cancanta.

Yanzu ga abin da dillalai ba sa faɗa, don ba su da riba a ciki. Tallafin ma'aikatar waje gurabensa kaɗan ne, masu nema kuma daga ko'ina a duniya suke. Akwai wata ƙofa da ta fi faɗi. Kundin tsarin mulkin Italiya ya ce ɗalibi mai ƙwazo, ko da ba shi da hali, yana da haƙƙin kaiwa ƙololuwar karatu, shi ya sa kowane yanki na ƙasar ke da hukumar da ke raba tallafi bisa ƙarfin aljihun iyali, kuma baƙon ɗalibi ma yana da damar nema. A Perugia hukumar ADiSU ce ta yankin Umbria, a Siena DSU ta Tuskani, a Napoli ADISURC, a Bolonya ER.GO. Wanda ya samu, akan yafe masa kuɗin makaranta, a ba shi abinci a ɗakin cin abincin ɗalibai, sau da yawa da ɗakin kwana, da kuma kuɗi a hannu. Ana auna talaucin ne da wata takarda mai suna ISEE parificato, wadda ake haɗawa daga shaidar abin da iyayenki ke samu a shekara, da gida ko filin da suka mallaka, da yawan mutanen gidan. Albashin Najeriya idan aka juya shi zuwa yuro, yawancin gidajenmu ƙasa da iyakar suke faɗawa. Amma ki sani a wasu shekarun a wasu yankunan ana iya cewa kin cancanta alhali kuɗin bai kai kanki ba, kuma ci gaba da karɓa ya dogara da cin wasu adadin darussa kafin 10 ga Agusta. Ba a haɗa wannan da na ma'aikatar waje a ci biyu. Ki nemi duka, wanda ya faɗo ki ɗauka.

Takardu su ne za su ci miki lokaci da takalmi. Shaidar digirinki da takardar sakamakon darussa sai an kai su ma'aikatar ilimi ta tarayya an tantance, a wuce da su ma'aikatar harkokin waje a Abuja a buga hatimi, a fassara su zuwa Italiyanci, sannan ɓangaren Italiya su tabbatar. Jami'a za ta nemi ko dai takardar da ofishin jakadanci ke bayarwa mai bayyana darajar digirinki, ko ta cibiyar CIMEA mai yin irin wannan aiki. Takardun samun iyaye ma sai sun bi layin hatimi da fassara. Bayan jami'a ta karɓe ki, za ki yi rajistar farko a shafin Universitaly, da ita ake neman bizar karatu a ofishin jakadanci na Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Legas. Lokacin damina layin masu neman biza kan yi tsawo. Ki je jami'arki ki nemi takardar sakamakon nan tun wannan watan, kin san yadda ofisoshinmu suke da “dawo gobe”.

Wani abu da ya kamata ki bincika tun kafin ki kashe kuɗi: digiri na biyu a kan Italiyanci yakan buƙaci a ce kin yi wasu darussan adabi ko ilimin harshe a digirin farko. Mai digirin Faransanci na iya cika sharaɗin wani sashe ta kasa cika na wani. Ki rubuta wa shugaban kwas ɗin wasiƙa gajera da Italiyanci, ki haɗa da jerin darussan da kika yi, ki tambaye shi kai tsaye. Wasiƙar kanta shaida ce a kanki.

Ina za ki nufa? Perugia da Siena ƙananan garuruwa ne na kan tudu a tsakiyar ƙasar, kowanne da jami'ar da aka gina musamman don koya wa baƙi harshen. Ta Perugia tun shekarun 1920 take wannan aiki, kuma tana da digiri na biyu na koyar da Italiyanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Siena tana Tuskani, yankin da karin harshensa ya zama daidaitaccen Italiyanci albarkacin marubuta irin su Dante, wanda ya rasu a 1321. Kamar dai yadda Kananci ya zama Hausar littafi, amma Basakkwace bai bar Sakkwatancinsa ba. Lokacin da ƙasar ta haɗe a 1861, 'yan tsiraru ne ke iya wannan daidaitaccen harshe, kuma har yau idan mutanen Napoli ko Sisili suka juya zuwa harshen gida, B2 ɗinki ba zai cece ki ba. Kada wannan ya firgita ki, a aji da ofis daidaitaccen ake yi.

Amma da ni ce ke, Napoli zan fara dubawa. A can akwai jami'ar da ake kira L'Orientale, wadda asalinta ya koma 1732, kuma a cikin harsunan Afirka da take koyarwa har da Hausa. Farfesa Sergio Baldi ya shafe shekaru yana koyar da Hausa a can, ya yi bincike a kan kalmomin Larabci da suka shigo harshenmu, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa da Italiyanci. Wato akwai wurin da harshen da kika sha a nono abin nazari ne, ɗalibai na zana jarrabawa a kansa. Wannan shi ne babban abin da nake so ki ɗauka daga amsata. Masu tantance takardu sun gaji da karanta wasiƙun neman tallafi da ke cewa ina ƙaunar Italiya saboda taliya da kayan ƙawa da tsofaffin gine-gine. Dubbai ne ke rubuta haka. Mai Hausa da Faransanci da Italiyanci a baki ɗaya kuwa ba a samunta a kowane layi. Ki gina wasiƙarki a kan wannan.

Ga misalin abin bincike. Alhasan ɗan Muhammadu al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, an haife shi a Garnaɗa, ya tashi a Fas, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 aka kai shi wurin Fafaroma Leo na goma. A Rum ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka da Italiyanci, ya kammala a 1526, aka buga shi a Venis a 1550. A ciki ya yi maganar Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Masana har yau suna muhawara kan ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko labari ya ji daga fatake. Yawancin ɗalibanmu na tarihi ta fassarar Turanci ko Faransanci suke karanta shi. Bahaushiyar da za ta zauna da asalin rubutun, ta auna sunayen garuruwa da abin da ya faɗa da abin da muka sani a gida, ta samu aikin da zai sa malami ya gyara zama. Idan kuma koyarwa ta fi jan ki, ki dubi yadda Bahaushe ke koyon Italiyanci. Baƙaƙe masu ruɓi da ke wahalar da Bature ɗan Ingila mu a wurinmu ba komai ba ne, muna da su. Raba suna zuwa namiji da mace ma mun saba. Amma bambanta p da f, ko b da v, nan ake jin mu. Akwai kuma Sisili, wadda Musulmi suka mulka fiye da shekara 200 tun daga 827, inda daga baya masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya zana taswirar duniya a fadar sarki Roja na biyu a 1154. Abin nazari bai yi ƙaranci ba, zaɓi ɗaya za ki yi ki tsaya a kai.

Sai maganar Baba, kuma a nan ina so ki saurare ni da kyau. Tsoronsa ba na jahilci ba ne. A 2016 kaɗai mata 'yan Najeriya kusan 11,000 ne suka isa Italiya ta teku, kuma hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari nasu na cikin haɗarin faɗawa hannun masu fataucin mata. Da yawansu da alƙawarin aiki ko makaranta aka ɗauke su, aka karɓe fasfo, aka ɗora musu bashin da ba ya biyuwa. Yanzu ki sake duba abin da kika kawo gida: wani mutum da ba a sani ba, ta hannun ƙawa, yana neman kuɗi da fasfo zai kai ki Italiya. Wane uba ne zai ji wannan ya yi murmushi? Baba ya ji ƙanshin abin da ke ba ki ji ba.

Don haka kada ki je masa da kuka ko gardama. Ki fara da gaya masa kin rabu da mutumin, kuma shi ne ya yi gaskiya a kansa. Daga nan ki sa shi cikin lamarin tun daga tushe. Takardun samun iyali ma ba za su haɗu ba sai da sa hannunsa. Ki nuna masa shafin ma'aikatar, da sunan jami'ar, da wasiƙar malamin da ya amsa miki. Ki nemi wani da yake jin maganarsa, kawunki ko wani malaminki na jami'a da ya yi karatu a waje, ya zauna da shi. Ki samo masa amsar tambayoyin da zai yi kafin ya yi su: a ina za ki kwana, da wa, ina masallaci, wa za a kira idan ba ki da lafiya. Musulmi a Italiya sun haura miliyan, babban masallacin Rum an buɗe shi tun 1995, kuma garuruwan jami'a suna da wuraren salla da mahautan halal. Neman gurbi ba tafiya ba ce, kina iya roƙonsa ya bar ki ki nema, a yi maganar tafiya idan takarda ta fito. Idan bayan duk wannan ya tsaya a kan a'a, ba zan ce ki tsallake maganarsa ba. Takardar B2 tana nan a hannunki, kuma ƙofar digirin digirgir da ta bincike suna buɗe har bayan shekara 28.

Idan Allah ya sa an dace, ki shirya wa watannin farko, don su ne masu zafi. Kowane tallafi kika samu, kuɗin ba ya riga ki isa. Cikin kwana takwas na aiki da saukarki dole ki nemi izinin zama, ana karɓar takardunsa a gidan waya, daga baya 'yan sanda su kira ki ɗaukar hoton yatsu. Sai lambar haraji, wadda ba a kama haya ko buɗe asusun banki sai da ita. Kafin kason farko ya faɗo za ki biya jingina da hayar ɗaki, ki sayi rigar sanyi ta gaske. Wanda ba shi da inshora daga tallafi, shiga tsarin lafiyar gwamnati ya koma yuro 700 a shekara ga ɗalibai tun 2024. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20 a mako, amma kada ki sa shi a lissafi, aiki a kudancin ƙasar wuya gare shi ko ga 'yan ƙasa. Wajen abinci kuma ki koyi karanta bayan leda, domin naman alade da kitsensa suna shiga har cikin wasu burodi da kayan fulawa, giya kuma tana shiga miya.

Yayyenki fa, dariyarsu da 'yar gaskiya a ciki. Italiyanci bai kai Faransanci ko Larabci kasuwa a ƙasar nan ba, kuma ba zan yi miki alƙawarin aiki na jiran ki a filin jirgi ba. Amma ba a rasa ba. Fatun da ake jemewa a Kano Italiya na cikin manyan masu sayensu. Kamfanonin gine-ginen Italiya sun daɗe a Najeriya, su suka gina madatsar Kainji da ta Bakolori. Akwai ofisoshin jakadanci, har da wanda suka buɗe a Yamai, da ƙungiyoyin agaji, da asibitoci da kotunan Italiya masu neman tafinta ga baƙi masu jin Hausa. Sai dai duk waɗannan mai harsuna uku suke so, don haka kada ki saki Faransancinki. Shi ne ke ciyar da ke yanzu, kuma shi zai ƙara wa sabon daraja.

Mai neman aurenki ki faɗa masa a makon nan, tun kafin ya ji a bakin wani. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce, yana da haƙƙin ya san abin da ake shirin yi, ke ma kina da bukatar jin amsarsa tun ba a sa rana ba.

Miliyan biyun da aka so a ba dillali, idan har gida na iya fitar da wani abu, a raba shi: malamin harshe da kuɗin jarrabawa yanzu, hatimi da fassara bayan nan, ragowar a ajiye don jirgi da hayar farko. Albashinki ya ɗauki na farkon, ki shiga adashe saboda na biyun. Sarƙar Mama kada a taɓa ta sai biza ta fito, shi ma in babu wata hanya.

Allah ya yi miki zaɓin alheri. Ki gaida Mama da Baba.

Antinki